Tambaya da Amsa: Rumfar tirelar shaƙatawa, faci ko sauyi?

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan abu guda suka taru, wato rumfar naɗi da ke jikin tirelar shaƙatawa. Ga wanda bai san ta ba, ba tirelar dakon siminti ake nufi ba. Ɗaki ne mai taya, da gado da kicin da banɗaki a ciki, wanda iyalai a Amurka da Kanada da Turai ke ɗaurawa a bayan mota su tafi hutu. Yawancin na Amurka a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. A gefen ƙofa akwai rumfa da ake warwarewa idan an ya da zango, a naɗe ta a jikin dogon bututun alminiyam idan za a tashi.

Tambaya: Rumfarmu ta yage kamar tsawon tafin hannu kusa da bango, kuma idan na tsaya a ƙarƙashinta da rana ina ganin ƙananan huji kamar taurari. In liƙa mata faci ne, ko ta gama aiki? (Mai karatu daga jihar Teksas)

Amsa: Malam, wurin da ta yage ya fi tsawon yagewar muhimmanci. Idan rumfa tana naɗe, duk yadin yana ɓoye a cikin naɗi, in ban da ƙafa ɗaya ta ƙarshe da ke kusa da bango. Ita ce ke waje tana shan rana da ruwa shekara zagaye, ko an fita da tirelar ko tana ajiye a bayan gida. Shi ya sa za ka ga rumfa tsakiyarta kamar sabuwa, bakinta na sama kuwa ya ƙone ya yi fari-fari.

Gwada ta kafin ka kashe ko sisi. Kama yadin kusa da yagewar, ka ninke shi tsakanin yatsu biyu ka matse. In ya koma yadda yake ba tare da alama ba, da sauran ransa. In ya tsage a kan ninkin, ko fatar sama ta ɓare ta bar zaren ciki a fili, ya mutu, kuma faci ba abin da zai yi illa ya matsar da yagewar zuwa gefensa. Taurarin nan da ka ambata, in layi suka yi a tsawon bango, alamar haka ce. In kuwa biyu ne ko uku a warwatse, wataƙila tartsatsin wuta ne ko ƙaya, ɗigon gam ɗin roba ya ishe su.

In yadin ya ci jarrabawa, sai ka san irinsa, don iri biyu ne. Akwai binil, tamfol mai santsi kamar leda wanda ruwa ba ya ratsawa. Akwai akirilik, saƙaƙƙe, in ka shafa za ka ji zare. Binil yana fitar da wani maiƙo a hankali wanda ke narkar da gam ɗin salatif na gama-gari, bayan 'yan makonni ka tarar facin ya zama danƙo yana zamewa. Dalilin ke nan da kamfanin Tear-Aid ya raba facinsa biyu: nau'in B na binil kaɗai, nau'in A na akirilik da sauran yadi. In guntun binil za ka liƙa, gam ɗin HH-66 aka fi sani da wannan aiki.

Wanke wurin sama da ƙasa da sabulu, ya bushe ƙarau, ka goge da sifirit. Yanka faci biyu, kowanne ya zarce yagewar da inci 2 ta ko'ina, ka zagaye kusurwoyinsu da almakashi, domin daga kusurwa mai tsini faci ke fara ɗagowa. Wani ya tallafe ƙasan da faffaɗan katako, ka haɗa bakin yagewar daidai, ka liƙa na sama daga tsakiya zuwa gefe kana korar iska da bayan cokali, sannan na ƙasa. Bar ta a buɗe kwana ɗaya kafin ka naɗe. Yagewar da ta kai ƙafa 2 ko 3, ko wadda ta bi ɗinkin da ke riƙe da igiyar da ta haɗa yadin da bango, kada ka ɓata kuɗin faci a kanta. Nan ne nauyin rumfar ke rataye.

Tambaya: Na auna tsohon yadin ya ba ni ƙafa 15 da 'yan inci, amma masu sayarwa 15 ko 16 kawai suke rubutawa. Wanne ne nawa? (Wata mai karatu daga Kanada)

Amsa: Hajiya, naki 16 ne, da kin sayi 15 da ya zo miki a gajarce da ƙafa guda cur. Ba da faɗin yadi ake kiran girman rumfa ba, da tazarar hannuwanta biyu na ƙarfe da ke riƙe da bututun ake kira, daga tsakiyar hannun gaba zuwa tsakiyar na baya. Yadin yakan gaza wannan awo da kimanin inci 10, don ya sami wurin naɗuwa ba tare da ya gogi murfin bututu ba. Rumfa mai ƙafa 16 yadinta kusan ƙafa 15 da inci 2 ne. Duk da haka ki karanta awon yadin na ainihi da mai sayarwa ya rubuta ki gwada da na tsohon, saboda kamfanoni na ɗan saɓawa. Fitarta daga bango kuwa galibi ƙafa 8 ce.

Abin da ake mantawa shi ne igiya. A bakin yadin akwai igiyar roba mai tauri da aka ɗinke a ciki, ita ke shiga kwarmi ta riƙe. Ɗaya na shiga kwarmin siririn ƙarfen da ke jikin bango, ɗaya ko biyu na shiga kwarmin bututu. Kaurinsu yakan zama 1/4 ko 3/16 na inci, kuma ba dole ta bango ta yi daidai da ta bututu ba. In ta yi kauri, za ta shiga rabi ta cije. In ta yi siriri, iska mai ƙarfi za ta fizge ta daga kwarmin. Ki yanki ɗan guntu daga ƙarshen tsohuwar ki auna, ki kuma kwafi lambar da ke manne a bututu ko a cikin hannu.

Rumfunan kamfanin Dometic, da na Carefree na Kolorado, da Solera ta kamfanin Lippert, su suka fi yawa a can, kuma yadin da ake tallarsa da cewa yana shiga kowace yawanci yana shiga waɗannan. Ban da rumfa mai akwati irin ta Fiamma ko Thule da ta fi yawa a Turai, ban da kuma mai murfin alminiyam da ke lulluɓe naɗin. Waɗannan nasu daban ne. Game da iri, binil ya fi araha ya fi tare ruwa, akirilik ya fi sanyi a ƙarƙashi ya fi saurin bushewa, sai dai tsada. Ga mai fita 'yan makonni a shekara binil ya wadatar, ragowar kuɗin gara a sa shi a murfin da zai kare ƙafar nan ta ƙarshe daga rana.

Tambaya: Yadin ya iso. Rumfar ta hannu ce, irin wadda ake ja da igiya. Zan iya sa shi da kaina? An ce mini akwai sifirin a ciki mai karya hannu. (Mai karatu daga jihar Ohayo)

Amsa: Ba a yi maka ƙarya ba, ɗan'uwa. A cikin kowane ƙarshen bututun akwai dogon sifirin a murɗe, shi ke naɗe rumfar idan ka sake ta. In ka kwance ƙusar da ta haɗa bututu da hannu alhali sifirin ɗin na ɗaure, kan ƙarfen zai juya kamar farfela, kuma yatsu da wuyan hannu da haƙora ne a gabansa. In ka ɗauke wannan, sauran aikin zura mazagi ne a wando, sai dai wandon ƙafa 16 ne.

Mutum uku ake so. Kayan aiki kuma tsani biyu, benci biyu da aka shimfiɗa wa tsumma, filaya mai kulle, injin huda da bakinsa na 3/16, sabbin ribit masu wannan kauri da abin buga su, magagari, alƙalamin sa alama, salatif, feshin silikon, fin ɗin kulle, safar hannu ta fata da tabarau. A zaɓi ranar da babu iska, da filin da ya kai tsawon rumfar a gaban tirelar ko bayanta, don ta can za ta fita.

Tun kafin ka ɗauki sifana, ɗauki hotuna da waya, ka sa alamomi a jikin bututu: wane kwarmi yadin ke ciki, wanne ne na gezar da ke reto a gaba, ina gefen yadin ya tsaya, sannan layi ɗaya da ya ratsa daga murfi zuwa bututu. In babu layin nan murfin gaba na iya komawa a juye, ɗan maƙullin da ke kansa ya kalli inda sandar da ake juya shi da ita ba ta kaiwa idan rumfa ta rufe.

A kwarmin bango, kusa da kowane gefen yadin, akwai ɗan sukuru da ya huda igiya don kada yadin ya zame. Cire su biyun. Da yawa sukan manta da su, su yi ta ja suna zargin tsatsa. Buɗe bakin kwarmin kaɗan da sukudireba ta inda za ku fitar, ka kashe kaifinsa da magagari, ka naɗe shi da salatif, domin bakin nan ne ke tsarge sabon yadi tun bai ga rana ba. Bi kwarmin da tsumma ka fitar da ƙasa da busasshen gam, ka fesa silikon.

Kwance manyan kusoshin da suka riƙe hannuwa a sama, ku cire ƙafafun hannuwan daga mazauninsu ku tsawaita su su taka ƙasa, mutum ɗaya riƙe da kowanne. Juya maƙulli wajen buɗewa, ku jawo bututun kamar ƙafa ɗaya daga bango. Sifirin ɗin baya ba shi da maƙulli, sai an kulle shi da hannu. A rumfunan Dometic akwai huji a murfi da ke haɗuwa da hujin sandar ciki, nan ake zura fin a naɗe shi da salatif don kada ya faɗi. Sai biyu su ɗaga hannuwa su taka a hankali, na uku a kan tsani yana lura da yadin har ya fita. Ku kwantar da bututun a kan benci.

Ga wurin natsuwa. A ƙarshen gaba, damƙe kan ƙarfen da ya shiga hannu da filaya mai kulle, damƙa ta gaske. Cire ƙusar, a janye hannun. Tsaya a gefe, ba a saitin filayar ba, ka riƙe ta da hannu biyu, wani ya juya maƙulli wajen naɗewa. Nan take za ka ji ƙarfin sifirin ɗin ya zubo hannunka. Bi shi sannu, zagaye bayan zagaye, kana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji, har ya mutu. Rubuta adadin a jikin bututu, da kibiya mai nuna wajen da ya juya. A rumfa mai ƙafa 16 ba abin mamaki ba ne ka ƙirga goma ko fiye.

Ƙirgar nan tana da tarko. Adadin ya danganta da yawan yadin da ke naɗe lokacin da ka saki sifirin ɗin. Kowane juyi na bututu yayin buɗewa yana ƙara masa zagaye ɗaya, kuma daga rufe zuwa buɗe sarai bututun na juyawa kamar sau takwas ko tara. Don haka in ka ƙirga tana kusan rufe, sai ka naɗe sabon yadin zuwa daidai wannan matsayi kafin ka mayar da zagayen. Jadawalin da ke cikin littafin kamfani ma yakan faɗi ko a rufe ne ko a buɗe. Wanda ya ɗauki lambar rufe ya murɗa a buɗe, rumfarsa za ta naɗu rabi ta tsaya tana lilo.

Huda kan ribit ɗin murfin gaba, kan kawai, kada ka faɗaɗa hujin, ka tura sauran ciki, ka zaro murfi da sifirin ɗinsa gaba ɗaya. Zazzage guntayen ribit ɗin, in ba haka ba za su yi ta kacau-kacau a ciki duk tafiya. Cire hannun baya ma, amma kada kowa ya taɓa fin ɗin nan. Ku warware tsohon yadin kuna ƙirga naɗinsa, ku zare shi. In ya ƙi, tsaga shi da wuƙa tsakanin igiyoyin biyu, kowace ta fito ita kaɗai.

Goge bakin kwarmin bututu da magagari ka fesa silikon. Ba giris ba, ba man inji ba, suna kama ƙura suna ɓata binil. Duba fuskar yadin da za ta kalli sama kafin ka zura, don zura shi a juye kuskure ne da ba a ganowa sai an gama buga ribit. Igiyoyin biyu tare suke shiga: ɗaya yana saita su a baki, ɗaya yana ja, na uku yana ɗauke da nauyin yadin don kada ya karye a bakin kwarmi. In ya cije a koma baya inci biyu a sake, kada a fizga. Daidaita shi a tsakiya da awo.

Daga nan bin sawu ne: murfi a kan layinsa, sabbin ribit, naɗi daidai da ƙirga. Mayar da maƙulli wajen buɗewa, shi zai riƙe maka kowane zagaye, ka murɗa sifirin kishiyar kibiya har adadinsa ya cika. A haɗa hannuwa, a taka da rumfar cikin kwarmin bango. Manyan kusoshin sama a shafa musu gam ɗin hana ruwa kafin su koma. Sai komai ya zauna a mazauninsa za a zare fin ɗin baya, ana riƙe da igiyar ja. Ƙananan sukurun nan biyu kuwa kada ka yi gaggawar mayar da su. Buɗe ka rufe sau huɗu ko biyar, yadin ya nemi wurin zamansa. In yana naɗuwa yana fitar da tsini ta gefe ɗaya kamar kan fensir, matsar da shi kaɗan a kwarmin bango ka sake gwadawa. Sai ya naɗu sumul, hannuwa sun rufe daidai, sannan ka sa su, kimanin inci 2 daga gefen yadi, ta cikin igiya.

Tambaya: Tawa ta lantarki ce. Na buɗe ta a sansani, da za mu tashi na danna maɓalli, ko motsi. Me zan duba, kuma yaya zan rufe ta in kai gida? (Mai karatu daga Amurka)

Amsa: Injin naɗin ɗan ƙarami ne mai aiki da wutar bolt 12, kuma sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Fara da batir. Cikakke yana nuna kusan 12.6 a mita. In ya sauka ƙasa da 12, fitilu za su ci gaba da kamawa su yaudare ka, amma injin ba zai iya ja ba, musamman wajen rufewa, inda yake kokawa da sandunan gas da ke tura hannuwa waje, irin waɗanda ke riƙe murfin but ɗin mota. Jona tirelar da wutar sansani ka sake gwadawa. Sai fis, galibi mai amfiya 15. In ka sa sabo ya ƙone nan take, waya ce ta goge, a nemi wurin a gwiwar hannu ko inda ta fito daga bango.

In waɗannan lafiya, cire haɗin wayar da ke kusa da injin ka sa mita, wani ya danna. Ya kamata ka ga 12 a ɓangare ɗaya, ka ga 12 mai alamar ragi a ɗayan, domin juya wutar kawai maɓallin ke yi. In ta ɓangare ɗaya ta zo, maɓalli ne. In ta zo duka biyun amma injin shiru, injin ne. In kana jin kukansa bututu bai juya ba, haƙoran giyarsa sun cinye.

Don kai ta gida, in injin na da rai haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye da batir mai kyau, in ta nufi buɗewa ka musanya su. In ya mutu, a rumfar Solera akwai ɗan murfin roba a kan hannun da injin yake, ƙarƙashinsa noti ne, ka sa soket 7/16 da injin huda ka naɗe. Dometic 9100 ba ta da notin. Ana zura igiyar ja a kwarmin bututu, mutum ɗaya ya riƙe ta tam, a cire sukurun da ya haɗa inji da kan hannu, sifirin ɗin ɗaya gefen ya naɗe ta sannu, a mayar da sukurun. Kowace ce, a ɗaure hannuwan biyu da igiya kafin a hau titi. Ranar sauya yadinta ma ɗaure hannuwa ne farkon aiki, sai cire fis da wayar fitilar da ke bin bakin rumfa. Kada kuma a ɗauka don ta lantarki ce babu sifirin, wasu na da ɗaya a gefen da babu inji.

Tambaya: An yi ruwa da dare, da safe muka tarar rumfa ta yi tumbi, bututun ya lanƙwashe. Zai miƙu?

Amsa: Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kududdufi mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin santimita 5 kacal, lita 100 ke nan, nauyin buhu biyu na siminti. Da yadin ya fara lotsawa kuma ƙara tara ruwa yake yi, har wani abu ya ba da kai.

In ɗan baka ne wanda sai ka kalle shi ta tsawo kake gani, za ta ci gaba da aiki. In ya yi gwiwa, a haƙura. Alminiyam da ya lanƙwashe aka miƙe ya riga ya raunana, kwarminsa ya matse, yadi ba zai sake naɗuwa daidai a kansa ba. A sayi sabo ta wurin dilan da ke kusa, don dakon abu mai wannan tsawo yana da tsada. A kuma girgiza hannuwa a ga ko kusoshin sama sun yi sako-sako a bango.

Nan gaba a sauke hannu ɗaya ƙasa da ɗan'uwansa sosai, wanda ke nesa da ƙofa, ruwa ya sami hanya. Iska ma haka take. Yadin ƙafa 15 a ƙafa 8 ya kai murabba'in mita 11, in iska ta doshi kilomita 30 a awa a naɗe, haka da dare, haka idan za a bar sansani.

Tambaya: Hannuwan na kulle, amma a kan babbar hanya yadin ya warware ya kumbura. Ta yaya?

Amsa: Kulle hannu ba ya hana bututu juyawa. Iskar gefe, musamman idan babbar mota ta gifta, tana shiga ƙarƙashin bakin yadin ta juya bututun. Abin da ke tare ta maƙullin gaba ne da ƙarfin sifirin. Rufe rumfar, maƙulli a wajen naɗewa, ka ja igiya. In bututun ya juya, haƙoran maƙullin sun cinye. Murfi da sifirin a haɗe ake sayar da su, kuma na dama daban da na hagu. A ƙara da makullin tafiya mai fin da ke shiga jikin bututu, ba shi da tsada.

Tambaya: Baƙaƙen ɗigo sun cika ƙasan rumfar, tana kuma wari.

Amsa: Fumfuna ce, daga naɗewa da laima. Ba binil ɗin take ci ba, dauɗar da ke kansa take ci. Haɗin da Dometic ke bayarwa ga binil shi ne rubu'in kofi na sabulun wanke kwanuka da rubu'in kofi na bilic a galan 5 na ruwa, wato kamar mililita 60 kowanne a lita 19. A jiƙa sama da ƙasa, a naɗe na minti biyar, a buɗe a ɗauraye sosai har jikin tirelar, a bar ta ta bushe. Akirilik kada a cuɗe shi da buroshi mai ƙarfi, yana kankare maganin da ke sa ruwa zamewa. In tafiya ta tilasta naɗewa a jiƙe, a buɗe ta da an isa.

Tambaya: Ni makanike ne a Kaduna. An kawo mini irin wannan tirela tokumbo, yadin rumfarta ya ruɓe amma ƙarafan lafiya. Mai ɗinkin tamfol zai iya yi mana?

Amsa: Zai iya, Malam, in ka ba shi tsohon ya zama ma'auni. Kada a yar da shi, musamman igiyoyin. A farke ɗinkin a zaro su, in ba su karye ba a sake amfani da su, domin samun igiya mai kaurin daidai ya fi samun tamfol wuya. Aljihun da za a ɗinka musu ya matse su sosai, in ya yi yalwa yadin zai tattare a bakin kwarmi ya cije.

Kada ya ɗauko tamfol ɗin manyan motoci don ya ga ya fi ƙwari. Ya yi nauyi, sifirin ba zai iya jan sa ba, naɗin kuma zai yi ƙiba hannuwa su ƙi rufewa. Na asali nauyinsa bai wuce gram 450 zuwa 500 a murabba'in mita ba, a nemi makamancinsa. Kafin ɗinki a shimfiɗa shi a ƙasa a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, zai naɗu a karkace, kuma babu matsarwar da za ta gyara shi. Zare ya zama poliyesta mai kauri mai jure rana, don auduga da nailan ba sa daɗewa a ranar arewa. In dole a haɗa ƙyalle biyu a tsawon bango, na sama ya hau kan na ƙasa kamar kwanon rufi, a bi hujin allura da gam.

Tunda yadin na ƙasa, duba siririn ƙarfen bangon. Bayansa akwai wani danƙo mai hana ruwa, butil, wanda ke bushewa da shekaru. Danna bangon da babban yatsa a ƙasan ƙarfen, tsawonsa duka. In ka ji laushi, ruwa ya daɗe yana shiga ta hujin sukuru, sai an gyara katakon ciki kafin a rataya komai. In bangon da ƙarfinsa, cire ƙarfen, kankare tsohon danƙon, shimfiɗa sabo, duk sukurun da ke juyawa bai kama ba a sa wanda ya ɗara shi kauri kaɗan. In da hunturu za ku yi aikin, ku wanke kwarmin da ruwa ya bushe kafin ku fesa silikon, don ƙura da silikon in sun haɗu taɓo suke zama.